A ina littafin yake kwana? Fashin baƙi kan kafa sana'a bisa manhajar da AI ta gina

Ana saura kwanaki a shiga azumi ƙanena ya shigo shagon kawunmu a Tudun Wada, Zariya, da kwamfuta a hammata, ya ce daga yau ɓatan awo ya ƙare. Kawu tela ne, ya haura shekara talatin a kan keke, yaransa bakwai a shago, kuma kowane azumi rigimar iri ɗaya ce: takardar awon wani ta ɓace, an yanka shaddar wannan da awon wancan, ko mutum ya rantse kafin alƙalami dubu goma ya bayar alhali littafi ya nuna biyar. Yaron ya buɗe kwamfutar ya nuna mana abin da ya haɗa cikin dare uku. Ka sa sunan mai kaya da lambar wayarsa, tsawon riga, kafaɗa, hannu, wuya, ƙugun wando, ka ɗauki hoton yadin, ka sa ranar karɓa. Ranar na matsowa sunan mutum zai koma ja. Tarihi ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, bai taɓa zama ajin kwamfuta ba. Rubuta wa ƙirƙirarriyar basira, wato AI, abin da yake so kawai ya yi ta yi, ita kuma tana ginawa.

Kawu ya gyara tabarau ya jima yana kallo, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. To amma wannan littafin naka, a ina yake kwana?"

Duk wanda ke son ɗora sana'arsa a kan irin wannan manhaja, daga tambayar kawu ya kamata ya faro.

Na'urorin AI da ke gina wa mutum manhaja haka jiya-jiya suka fito. Replit na Amurka, wanda Amjad Masad ke jagoranta, ya fitar da nasa mai gina manhaja a watan Satumba 2024. Bolt ya biyo baya a Oktoba, Lovable na ƙasar Suwidin ya fito kafin shekarar ta ƙare. Base44 kuwa, wanda wani ɗan Isra'ila mai suna Maor Shlomo ya kafa, watansa wajen shida kacal kamfanin Wix ya saye shi a Yuni 2025 kan kusan dala miliyan 80. A Fabrairun 2025 Andrej Karpathy, ɗaya daga cikin waɗanda aka kafa kamfanin AI na OpenAI da su, ya bayyana wannan salon aiki da cewa mutum ya saki jiki ya yi ta faɗa wa na'ura abin da yake so har ya manta akwai wani rubutu a ƙarƙashi, wato jerin umarnin da manhajar ke aiki da shi. Jama'a sun ɗauki maganar sun yi gaba da ita, sun bar ƙarshenta a baya, inda shi da kansa ya nuna salon ya fi dacewa da ɗan aikin ƙarshen mako wanda ba a damu ba ko ya lalace.

Abin da ido ke gani a waya, maɓallai da launi da wurin rubuta awo, fuskar shago ce kawai. Bayanta akwai rumbun bayanai inda sunaye da lambobi da bashi suke zaune, akwai kuma babbar kwamfutar da ake kira saba, wadda ke riƙe da komai dare da rana. Fuskar ce AI ta ƙware a kai, cikin minti biyar za ta fito maka da abin da zai burge kowa. Rumbun da sabar kuwa suna wata ƙasa, a hannun wani kamfani, wani lokaci ma kamfani biyu ko uku da ba ka san sunansu ba. Manhajoji da yawa da aka gina da Lovable ko Bolt a wurin wani kamfani mai suna Supabase suke ajiye bayanansu. Amsar tambayar kawu ke nan: littafin a gidan haya yake kwana, mai gidan bai san Tudun Wada ba, kuma da dala yake karɓar kuɗin hayarsa.

Mu yi lissafin hayar. A 2025 ƙaramin tsarin biya na Lovable dala 25 ne a wata, na Supabase ma dala 25. Akwai na kyauta, amma na kyautar Supabase in manhaja ta yi mako guda ba a taɓa ta ba sai a dakatar da ita, kuma ba a ajiye maka kwafin bayananka kullum kamar yadda ake yi wa mai biya. Dala 50 ke nan a wata. Kafin a saki naira a Yuni 2023, lokacin da canjin hukuma ke wajen 460, wannan naira 23,000 ne. A canjin 1,500 ya zama 75,000. In a misali ribar kaftani ɗaya naira 3,000 ce, sai an ɗinka guda 25 kafin a fitar da hayar manhaja kaɗai, ba a zo maganar data ba, wadda hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara wa kuɗinta har kashi 50 cikin ɗari a Janairu 2025, ba a zo maganar man janareta ba. A azumi guda 25 aikin kwana kaɗan ne. A watan Safar, lokacin da yaran shago ke zaune suna hira, wata magana ce daban, kuma mai gidan haya bai san akwai lokacin da kasuwa ke kwanciya ba.

Biyan kansa ma wani aiki ne. Tun wajen 2022 bankuna da dama suka hana katin naira aiki a shafukan waje, sai a Yulin 2025 wasunsu suka dawo da shi, shi ma da iyaka. Wanda katinsa ya ƙi ranar sabunta haya, sai ya shiga neman mai katin dala.

Sai kuma abin da ake kira kiredit, wanda nan ne sababbin shiga ke ƙonewa. Kowane saƙo da ka tura wa AI yana cin wani abu daga rabonka na wata. A tsarin dala 25 na Lovable kiredit 100 ake bayarwa. Ranar farko kiredit ɗaya zai gina maka shafi guda cur, ka ji kamar kyauta ce. Matsalar tana zuwa ne in manhajar ta girma. Na'urar ba ta riƙe duk ginin a kanta lokaci guda yadda magini ke riƙe da tsarin gidan da ya ɗora tun daga tushe. Ɓangaren da ka nuna mata take duba, ta gyara shi, a garin haka ta taɓa wani wurin da ba ka ce ta taɓa ba. Ka koma ka ce ga abin da ya lalace, ta ba ka haƙuri, ta ce yanzu ta gyara, alhali sau da yawa ba ta gwada ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma kowane zagaye kai ke biya, har da kuskuren da ita ta jawo.

A goman ƙarshe abin ya same mu. Kawu ya ce tunda akwai mata biyu da ke karɓar ɗinkin atamfa da leshi ta hannun shagon, a ƙara musu wurin awon mata. Ƙanena ya rubuta wa na'urar bayan tarawihi. Wurin awon mata ya fito tsaf. Da ya buɗe sunan wani tsohon mai kawo ɗinki, sai ya ga wurin tsawon wando da ƙugu fayau, babu komai. Ya buɗe na biyu, haka. Na goma, haka. Shadda na jibge a kan tebur, an yi wa mutane alƙawarin jajibiri. Na same shi wajen ƙarfe biyu na dare a bencin ƙofar shago, hasken kwamfuta a fuskarsa, hannunsa na rawa, yana ta rubuta abu ɗaya ta hanyoyi daban-daban. Kafin sahur kiredit ya ƙare, ya je ƙarawa kati ya ƙi. Ya ɗago ya ce, "Yaya, na kashe wa Kawu sana'a."

Bai kashe ba. Kawu bai taɓa barin babban yaronsa ya daina rubutu a littafi ba, don haka da littafin aka yi yankan safe. Da hantsi muka samu wani ɗalibin kwamfuta a Samaru, ya zo ya buɗe rumbun bayanan kai tsaye, bai yi awa guda ba ya gano awon na nan daram. Na'urar ta sauya sunan layin da awon yake ne, fuskar manhajar kuma tana ta neman tsohon suna. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ɗalibin ya faɗa yana naɗe wayar cajinsa: laifin ba a wurin ƙara awon mata yake ba, laifin shi ne an yi gyara a kan manhajar da ake ciniki da ita a daidai wannan lokaci. Tela ba ya gwada sabon yanka a kan shaddar mutane, a ƙyalle yake gwadawa. Manhaja ma tana buƙatar ta gwaji daban, ta aiki daban, da kwafin bayanai kafin a taɓa komai.

Kada a ɗauka wannan na ƙananan mutane ne kawai. A Yulin 2025 Jason Lemkin, wanda ya kafa SaaStr, wani zauren masu kasuwancin manhaja a Amurka, kuma ya san harkar manhaja ciki da bai, ya ba da labarin yadda na'urar Replit ta goge masa rumbun bayanai mai ɗauke da bayanan shugabannin kamfanoni fiye da 1,200, bayan ya umarce ta ƙarara kada ta sauya komai. Ta kuma ce masa ba za a iya dawo da su ba, daga baya ya tarar ana iyawa. Amjad Masad ya fito ya ce abin bai kamata ya faru ba, kamfanin kuma ya raba rumbun gwaji da na aiki. Darasin ɗalibin Samaru ne dai, a wani babban gida.

Amma ɓatan awo, duk da tashin hankalinsa, ba shi ne ya fi ba ni tsoro ba. Fitar awo ce. Ku duba abin da ke cikin wannan rumbu: sunan matar aure, lambar wayarta, unguwarsu, awon jikinta, da nawa ake bin mijinta. A garin nan, inda kowa ya san gidan kowa daga Ƙofar Doka zuwa Gyallesu, in wannan ya faɗa hannun ɗan iska ɗaya, ba kuɗi kawai aka rasa ba, mutuncin da kawu ya yi shekara talatin yana ginawa ne ya zube, kuma babu kamfanin da zai zo ya ba mijin haƙuri.

Yadda fitar ke faruwa abu ne da ya kamata kowa ya fahimta. Shafin da ke tambayar kalmar sirri kamar ƙofar zaure ce. AI tana gina ta da kyau, kai kuma ka gan ta a kulle hankalinka ya kwanta. Sai dai wayar mai amfani da manhajar tana magana da rumbun bayanai kai tsaye, don haka kowane ɗaki a cikin gidan yana buƙatar tasa ƙofar, wato ƙa'idar da ke cewa wane zai ga layinsa kawai, ba zai ga na wane ba. In ba a sa waɗannan ƙa'idoji ba, ko an sa su a karkace, wanda ya san hanya ba ya bi ta zaure, ta baya yake zagayowa ya tarar babu katanga. Daga fuskar manhajar ba za ka taɓa gane haka ba, komai zai yi ta aiki lafiya. Wani bincike da aka fitar a 2025 ya duba manhajoji 1,645 da aka gina da Lovable, ya tarar 170 daga ciki a buɗe suke ta irin wannan hanya, ana iya kwasar sunaye da adireshin imel da bayanan kuɗi. Kuma a dokar ƙasa nauyin a wuyan mai sana'a yake. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yuni 2023 ta ɗora alhakin a kan wanda ya tara bayanan, har ta ce in an samu fitar da za ta iya cutar da mutane a sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72. Cewa na'ura ce ta gina ba hujja ba ce a gaban hukuma, balle a gaban mai unguwa.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana. Duk manhajar da za ta riƙe bayanan wasu mutane, a biya wanda ya iya karanta rubutun da ke ƙarƙashinta ya duba ƙofofin kafin a sa sunan mutum na farko. Zariya ba ta rasa irin waɗannan ba, tsakanin Samaru da Kwalejin Nuhu Bamalli akwai matasan da za su yi wannan aiki da kyau, kuma ladansu bai kai asarar rana ɗaya ba. Tambayar na'urar ko aikinta na da tsaro yana da amfani, tana kama wasu kurakuran, amma wanda ya yi gini ba shi ake sa wa ya ba da shaidar ingancinsa shi kaɗai ba.

Maganar karɓar kuɗi ta cikin manhaja ma haka take, sai dai mu nan mun riga mun san ciwon, domin babu ɗan kasuwar Sabon Gari da bai san alat na bogi ba. Kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet irin su Paystack da Flutterwave suna haɗuwa da irin waɗannan manhajoji, kuma Paystack na cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, ba ya wuce 2,000. A kafin alƙalami na 20,000 naira 400 ke nan. Inda ake zamewa shi ne wa manhajar ke gaskatawa. Ginin gaggawa yakan rubuta "an biya" da zarar wayar mai saye ta dawo daga shafin biya, alhali abin da waya ta faɗa ana iya ƙirƙirarsa. Daidai shi ne sabar ta jira saƙo daga kamfanin biyan kuɗin kansa, ta tabbatar da adadin, sannan ta rubuta. Akwai kuma mabuɗin sirri da kamfanin ke ba ka, wanda in aka bar shi a fuskar manhaja tamkar an bar makullin sito ne a jikin ƙofa. A shagon kawu mun bar wannan ɓangaren gaba ɗaya. Na'urar POS na kan tebur, ana tura kuɗi a ga alat a wayar kawu, manhaja rubutawa kawai take yi.

Wani abin da ya gyara mana tunani shi ne masu kawo ɗinkin kansu. Ƙanena ya so kowa ya riƙa shiga yana duba ko kayansa sun kammala. Ba su shiga ba. Hajiya saƙon murya za ta turo ta WhatsApp, Alhaji yaro zai aiko, ɗalibi kira zai yi. Wayoyi cike suke, data na tsada, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Waɗanda suka tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma har bankuna suka rikice, sun san abin da ake nufi. Manhajar ta fi amfani a matsayin littafin cikin gida na mutum uku ko huɗu, kuma rufe ta ga 'yan waje ya rage ƙofofin da za a tsare.

Kada wannan duka ya sa a ce ina hana mutane. Na ga amfanin abin da idona. A da, mai ƙaramar sana'a da ke son manhaja sai ya tara kuɗi masu yawa ya ba wanda bai san bambancin awon kaftani da na babbar riga ba, a yi wata uku ana kai-komo. Yanzu wanda ya san sana'ar shi ke zana abin da hannunsa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙanena ya san a shagon tela ranar alƙawari ta fi komai, shi ya sa ya sa sunan ke komawa ja, kuma wannan jan kaɗai ya rage rigimar jajibiri fiye da yadda muka zata. Malamin Islamiyya mai bin kuɗin wata, dillalin ɗakunan ɗalibai a Samaru, mai sayar da taki da iri a kan bashi zuwa kaka, kowannensu zai iya haɗa abin da ya dace da shi. Ma'aunin da nake bayarwa ɗaya ne: in manhajar ta mutu kwana uku, me zai faru? In amsar ita ce za a koma littafi a ɗan sha wahala, bismillah. In amsar ita ce kuɗin adashin mata arba'in zai rikice, ko bayanin maganin marar lafiya zai ɓace, to wannan ba aikin dare uku ba ne, kuma ba na mutum ɗaya da na'ura ba ne.

Saura maganar mallaka, wadda aka fi mantawa da ita saboda ba ta ciwo sai ranar rabuwa. Da imel ɗin wa aka buɗe asusun? A namu, na ƙanena ne, da lambar wayarsa, da katinsa. Yaron kirki ne, amma bautar ƙasa na jiransa, kuma ko tsakanin 'yan uwa ana saɓawa. Mun mayar da komai kan imel na shago wanda kawu ke riƙe da kalmar sirrinsa a rubuce. Sunan shafi ma gara mutum ya yi rajistar nasa, irin mai ƙarewa da .com.ng da ake biya da naira, domin in ka tashi daga gidan haya adireshinka ya bi ka. Rubutun manhajar kuma Lovable da Bolt da Replit duk suna barin a kwafe shi zuwa GitHub, shafin da ake ajiye irin wannan rubutu, inda wani zai iya ɗauka ya ci gaba. Kafin ka zaɓi dandali ka tabbatar yana barin ka fita da rubutun da bayanan duka biyu. Kamfanoni suna mutuwa. Builder.ai na Landan, wanda Microsoft da asusun zuba jarin Katar suka sa wa kuɗi har darajarsa ta haura dala biliyan ɗaya, a Mayun 2025 ya durƙushe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, babban yaron shago yana sauke dukan sunaye da awo da bashi a takardar Excel, kwafi ɗaya a filashi, ɗaya a imel na shago. Farkon kowane wata ana kai shi unguwar PZ a buga a takarda, kawu ya sa a durowar da ke ƙarƙashin kekensa tare da almakashi da alli. Ba a yi wa manhajar gyara daga tsakiyar Sha'aban har a sauko daga Idi, haka ma makonnin kafin Babbar Sallah. Duk gyaran da ake so a rubuta a ajiye sai kasuwa ta lafa, sannan a gwada a ta gwaji, ɗalibin nan ya duba. Da aka daina gini kullum sai buƙatar kiredit ta ragu, aka sauka daga tsarin biya na dandalin, aka bar hayar rumbun bayanai kaɗai saboda kwafin da ake ajiyewa. Kawu ya ce zai ci gaba da biyan wannan har azumi mai zuwa, sannan ya zauna da littafi ya ga ko ta fitar da kuɗinta.